Dawakin Yaya Sahabi da izgar Baba Tunau

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Alhaji Sahabi, mai kamfanin gurzar auduga da matsar man angurya a nan Gusau. Allah ya jiƙansa. Kowace shekara sai in ɗauki biro in ajiye, domin in zan faɗi gaskiya a kansa dole in tona asirin kaina. Bana na gaji da ɓoyo.

Mutane sun san shi da injina da manyan motoci. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne son goge, so irin wanda ba ya jin magana. Duk Alhamis bayan la'asar ana shimfiɗa tabarmi a gindin bishiyar bedin da ke bayan sito, masu goge su taru daga Bungudu da Tsafe, har da na kukuma. Yaya ya tuɓe takalmi ya zauna ƙasa, babbar riga da komai. Shi ya yi musu rufin kwano a gidajensu, shi ke kai matansu asibiti, biyu daga cikinsu ma ya kai su Makka. Babbansu shi ne Baba Tunau na 'Yandoto, wanda in ya ja goge sai ka ga lebura ya tsaya da buhu a ka.

Akwai kuma dawaki. Ingarmu biyu Yaya ya ɗaure a harabar kamfani, ana ba su harawa da dusa, ba mai hawansu. Don wutsiyarsu kawai yake kiwonsu, saboda da tsirkiyar goge da bakan da ake goga ta duk izgar doki ce. Ni kuwa ni ne manaja, kuma wallahi abin yana ba ni kunya. Baƙi su zo duba injin, sai ga kashin doki a ƙofar ofis! Na sha yi masa magana, sai ya yi dariya ya ce, "Kai dai lura da injininka, ka bar mani nawa."

Kwana arba'in da rasuwarsa na sayar da dawakin, na sa maigadi ya gaya wa masu goge an daina zaman Alhamis. Ko sallama ban fito na yi musu ba. A lokacin gani nake na gyara wa gidanmu suna.

Yau da Yaya zai leƙo, ban san me zai fi ba shi takaici ba. Injinan sun yi shiru, tsatsa ta ci ƙofar sito. Hanyar Tsafe da muke bi da yamma ba fargaba, yanzu sai mutum ya yi tambaya kafin ya hau. Jikokinsa a Damba kiɗan waya suke ji, ina jin da zai karɓa ya saurara, ya tambaye su wa ya kaɗa, su ce na'ura ce. Amma na tabbata tambayarsa ta farko ni zai yi wa: ina Tunau, yana kaɗawa?

Wannan tambaya ce ta kai ni 'Yandoto bayan sallar layya. Na tarar da tsohon a zaure, gogensa rataye a bango ba tsirkiya. Ya ce tun da ta ƙarshe ta tsinke ya gwada zaren roba, ya ji tana ƙara amma ba ta magana, sai ya rataye. Bai yi mani ƙorafi ko ɗaya ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Na ƙudura sai na ji gogen nan ya yi kuka ko da sau ɗaya.

Na bazama neman izga, na samo a wurin wani mai doki a Kekun Waje, na kai masa ina ta washe baki. Ya murza ta tsakanin yatsu, ya sansana, sai ya fashe da dariya har da tari.

"Alhaji ƙarami, wagga ai ta goɗiya ta! Shekara nawa kana kallon dawakin yayanka, ba ka lura duk maza na ba?"

Ashe fitsarin goɗiya yana jiƙa wutsiyarta, izgar ta yi rauni, ba ta ɗaukar ja. Shekara ashirin ina tsallake kashin dawakin nan ban taɓa tambayar dalili ba. Na ji kunya kamar in nutse.

Bayan mako biyu na koma da ta ingarma, baƙa wuluk. Ya wanke ta, ya taje, ya ɗaura, ya shafa ƙaro a bakan. Maƙwabta suka fara leƙowa. Ya ɗora gogen, ya ja sau ɗaya, sautin ya fito garau. Sai ya zo taɓa tsirkiya da yatsun hagu, yatsun suka ƙi. Ya sake, suka yi ta rawa. Sau uku yana gwadawa, sannan ya kwantar da gogen a cinya.

Na yi kuka a zauren nan, ni da furfurata, ban ɓoye ba. A nan na gane abin da ya rage na Yaya ba ya cikin sito ko injin. Yana hannun tsofaffin nan, kuma hannu yana mutuwa kafin mai shi.

Baba Tunau ya bar ni na gama, sannan ya tattara ragowar izgar ya naɗe a tsumma ya miƙo mani.

"Da ka zaka damina ukku baya, da ka ji abu," in ji shi. "Amma akwai mutum biyu Bungudu da hannunsu bai mutu ba tukuna. Tashi ka kai musu tun yau, kada a kansu ma ka makara."