Kujerar Lilo a Ƙofar Gidan Babanmu

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a ƙasarmu a wancan zamani ya san abin da wannan yake nufi. Babanmu bai taɓa kiran sunana ba. In yana son ruwan alwala, ni kaɗai ne kuma a tsakar gida, sai ya dubi rumbu ya ce, "Wai babu kowa a gidan nan ne?" In na yi laifi, ƙanena ake ba wa faɗan ya kawo mini. In na yi abin kirki, shi ɗin dai ake ba wa albarkar, kuma ja'irin yakan rage wani abu a hanya. Kunyar ɗan fari ce, har yabon Baba ake yi a kanta. Ni kuwa abin yana ci mini rai. Gemu ya fara tsiro mini ban san yadda sunana yake a bakin mahaifina ba, kuma ina so in sani.

Lokacin ina aikin gandun daji a Birnin Gwari. Turawa sun shata daji sun ce na gwamnati ne, mu kuma aikinmu share iyaka da hana mutane saran maɗacin da kakanninsu suka saba sara. Baturen gandun wani dogo ne jajawur, yana da wata kujera da ƙafafunta huɗu ba su taɓa ƙasa. An ɗora su ne a kan katako biyu masu lanƙwasa kamar bakan maharbi. Ya ce ta kakarsa ce, a kanta aka yi renon ubansa, a kanta aka yi nasa, kuma da tururi aka tausasa icen kafin a lanƙwasa shi. Ko rangadi za a tafi sai an ɗauke ta, tana kama rassa, mai ɗaukarta yana tsine mata a ciki. Da yamma sai ya zauna bakin tanti da lofe a baki, ya yi gaba, ya yi baya. Mu dai muna cewa Allah ya yi wa mutanen nan rashin natsuwa, ko a zaune suke sai sun yi tafiya.

Da aka tashi mayar da shi ƙasarsu, akwatuna suka cika mota, kujera ta ƙi shiga kowane lungu. Ya waiga ya gan ni, da ma ni nake shafa mata man kaɗe saboda gara, ya ce in ɗauka. Tsuntsu daga sama gasasshe! Nan take na yanke shawarar Baba zan kai wa. Ko dagaci ba shi da irinta. Na ce a raina, wanda aka ajiye wa wannan a gabansa, dole ya dubi mai ajiyewar ya ce masa wani abu.

A bakin kasuwa wani kafinta ya tare ni. Ya zagaya ta, ya taɓa, ta sunkuya masa, ya ja da baya.

"Samari, wanda ya yi wannan bai gama ba. Kawo in sa mata zarto ta zauna kamar 'yan'uwanta."

Na ce masa haka aka halicce ta. Ya ce to Allah ya ba ta lafiya.

Na naɗa gammo na ɗora ta a ka, na kama hanyar Tsohon Birnin Gwari. Matan Gwari masu ɗauke da itace a kafaɗa suka tsaya suna dariya, ɗaya ta tambaye ni ko tarkon gada ne. Na isa gida wuyana kamar ba nawa ba. Na sauke ta a gaban Baba, na durƙusa. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya juya wajen ƙanena ya ce, "Ka ce masa Allah ya yi albarka."

Ina durƙushe a wurin, in ya miƙa hannu zai taɓa kaina. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na yi da-na-sanin hana kafinta aikinsa.

Kujera ta zauna a zaure, Baba yana kewaye ta kamar rijiya. In iska ta shigo sai ta kama rawa ita kaɗai, saboda haka wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta daina shigowa ta zaure, ta ce aljanin Bature bai sami wuri a mota ba shi ma. Kaza ta gwada yin ƙwai a kai, ƙwan ya gangaro ya fashe. Da an bar Baba, da haka za ta tsufa. Sai dai yana da wani taubashi, ɗan ƙanwar ubansa, wanda wasan da ke tsakaninsu ya ba shi damar faɗin abin da ko dagaci ba ya faɗa. Kullum ya zo sai ya ce, "Mutumin da ake cewa ya tare ɓauna da samartaka, yau ga shi katako ya hana shi shiga zaurensa."

Ranar wata Juma'a bayan la'asar Baba ya gaji. Ya sa babbar riga, ya naɗa rawani, ya ce a fito da abin nan ƙofar gida. Liman yana nan, da wani Bafulatani abokin Baba da ya shigo gari sallah, da 'yan zaman dakali. Ni na san sirrin kujerar, ba a ɗauke ƙafa daga ƙasa, da ita ake tuƙi da ita ake tsayawa. Amma ina ni ina koya wa Baba zama a gaban mutane? Sai na jawo ƙanena na yi masa bayani dalla-dalla. Ya je ya rusuna ya ce, "Baba, wai ka zauna."

Baba ya yi abin da kowane dattijo yake yi in an ba shi wurin zama na girma. Ya tuɓe takalma, ya yi bisimilla, ya hau, ya janye ƙafafunsa biyu ya harɗe su kamar yana kan buzunsa.

Kujera ta yi baya. Baba ya sunkuyo don ya dawo da ita, ta yi gaba da ƙarfi. Ya miƙe don ya tsayar da ita, ta koma baya fiye da na farko. Fuskarsa dai a ɗaure, kamar haka ya shirya abin. Wani mai wucewa ya durƙusa gaisuwa, Baba ya amsa "lafiya" yana tahowa, "lau" yana komawa. Bafulatanin nan ya ce, "Malam, sakar mata linzami, kada ka yi gardama da ita." Abin da ba wanda ya lura da shi, ƙofar gidanmu gangare ce, tana sauka zuwa ramin da aka haƙi ƙasar gini, kuma damina ta cika shi. Duk lilo ɗaya sai kujera ta ɗan ja baya. Rawani ya fara warwarewa. Ƙarshen katakon ya sami bakin gangaren, ƙafafun Baba suka yi sama.

A nan ya kira ni. Da sunana na yanka, cikakke, da ƙarfin da har awaki suka watse.

Ban san lokacin da na isa ba. Na tare bayan kujerar da ƙirjina, ƙeyar Baba ta bugi haɓata, na ji ƙanshin turaren rigarsa. Tun da na yi wayo jikina bai taɓa haɗuwa da nasa ba. Liman ya duƙufa a kan carbinsa kamar yau ya fara ganinsa. Taubashin nan kuwa yana ƙasa yana riƙe da ciki.

"Wa na ji ka kira?" in ji taubashin.

Baba ya gyara rawani ya ce, "Salati na yi."

"Liman, wannan salatin a wane littafi yake? A koya mana, na ga yana da saurin ijaba."

Na zagaya bayan rumbu don in yi dariya, sai na tarar kuka nake yi. Daɗi ne ya yi mini yawa. Ashe ya iya faɗinsa, har da ɗan jan ƙarshen nan da kakata take yi.

Bai sake kira ba har ya bar duniya. Amma duk ranar da na zo gida daga gandu, bayan la'asar sai ya dubi rumbu ya ce, "A ce wa wancan ya zo ya riƙe abin nan nasa, kada ya kashe ni." Sai in tsaya a bayansa in kama kujerar, ina kaɗa ta a hankali, shi kuma yana ba wa bishiyar ɗorawar ƙofar gidanmu labarin gona da na wanda ya rasu da na wanda ya haihu. Yanzu ina ganin irinta a shagunan birni, na ƙarfe da na roba, har da masu katifa, wasu ma an yi musu abin da zai hana su kifewa. Ba na ko tsayawa taya su.

Bayan an yi sadakar bakwai ɗinsa, ina zaune a tsakar gida, innarmu tana tsince wake tare da matata. Ita ma ba ta yi mini magana kai tsaye, saboda haka matata ta fuskanta.

"Kin san malam ya fi Baturen iya kujerar nan? Da babban yatsa ɗaya yake tuƙa ta, yini guda, har barci yake yi a kai da jika a cinya. Sai an ce masa ga mijinki nan ya shigo gari, ya yi maza ya sauka ya koma kan buzu."