Rumbun da Malam Madu Ya Ƙi Buɗewa

Duk bazara, kafin ruwa ya sauka, za ka ga Malam Madu kan tsohon kekensa yana zaga gonakin ƙauyukan Minjibir. Shi ne ma'ajin ƙungiyar manoma, mai ba da rancen irin gero da gyaɗa a biya da kaka. Ba ya neman rantsuwa, gonarka yake dubawa. In ya ga tulin taki, ka samu. In ya tarar da ita fayau, sai ya ce ka kai taki tukuna.

Rumbu uku gare su. Biyu ake rantarwa, na ukun ko mudu ba ya fita. Yakan ce, "Hatsin da muke bayarwa ajiyar mutane ne. In wani ya kasa biya, daga nan za mu cike wa mai ajiya. Ko bankin birni ba ya rantar da duk abin da ke hannunsa."

Wata shekara ƙaninsa Tahir ya yi aron babbar gona, ya zo bayan rumbu biyun sun ƙare.

"Yaya, buɗe min na ukun, da kaka zan mayar."

"Ba nawa ba ne, Tahir."

Tahir ya kaɗe rigarsa ya fita. Gari ya ɗauka, wai Madu marowaci ne, ko ɗan'uwansa bai sani ba. Abin ya yi wa Madu ciwo ƙwarai.

Daminar nan ruwa ya ɗauke gero na fitar da kai, rabin masu rance suka kasa biya. Inna Hure, wadda mijinta ya rasu ya bar mata yara, ta zo neman ajiyarta. Ranar aka buɗe rumbu na uku, aka auna mata nata cif.

Kai ne mai riƙon amana, Malam Madu. Mun ci daga rumbun nan, godiyarmu kuwa ta makara. Yanzu ido ya yi rauni, ka miƙa wa sabon ma'aji Zubair makulli. A walimar sallama kowa ya ga kana ta duban ƙofa, Tahir bai shigo ba.

Allah ya saka da alheri. Zubair, ka riƙe na ukun yadda ya riƙe. Kai kuma Tahir, rumbu yayanka ya kulle, ƙofar gidansa bai taɓa kulle maka ba.