Lafiya Lau Da Na Sa Wa Hannu

Ni dai tarbiyya ce ta kusa kore ni daga Ingila, ba rashin takarda ba.

Shekarata goma ina aikin jinya a Zariya kafin wani gidan kula da tsofaffi a Handsworth ya ɗauko ni. A bizar da aka ba mu, sunan wanda ya ɗauke ka aiki manne yake da naka. Ya sallame ka, kwana sittin gare ka, ka samo wani ko ka tattara komatsanka. Manajan gidan ya san haka sarai. Shi ya sa tsohon da ƙa'ida ta ce mutum biyu za su ɗaga, ni kaɗai nake ciccibarsa, hutu kuwa sai dai in ji ana labarinsa.

Ran nan sai ga wata Baturiya daga hukuma ta zo binciken yadda ake riƙe ma'aikata. Ta kira ni ɗaki, ta rufe ƙofa, ta ce, "Yaya aikin?"

To, jama'a, uwa ta haife ni. Wa ya taɓa jin baƙuwa ta ce maka yaya aiki, ka kama zazzage mata cikinka? Na ce lafiya lau, mun gode Allah. Ta ce ba na gajiya? Na ce haba, ba gajiya. Ta ce manaja fa? Na ce yana ƙoƙari. Alhali a lokacin bayana kamar an dasa mini ƙusa. Jira nake ta sake tambaya, ta ɗan matsa, yadda mutanen kirki suke yi, sannan in fara da "sai dai kuma". Baiwar Allah ba ta sake ba! Ta rubuta, ta miƙo mini biro, na sa hannu har da murmushi.

Da bayan nawa ya ƙi gaba ɗaya, likita ya ba ni hutu, manaja ya ba ni sallama.

Na hau bas zuwa Manchester wurin wata Hajiya 'yar Kumasi da ke Longsight, ƙawar yayata. Ita ta raka ni wajen lauya, aka nemo takardun binciken. Ya karanta a fili, kalma bayan kalma. Hajiya ta juyo ta zuba mini ido.

"Ke yanzu da bakinki kika ce ba gajiya?"

"Anti, gaisuwa ce fa."

"Gaisuwa da biro? Su nan abin da ka faɗa shi suke rubutawa, ba su da lokacin lallashi."

Lauya ya ce ƙara za ta yiwu, amma za ta daɗe, kuma bizata ba ta jiran shari'a. Na ji tsoro, na ji kunya. A rediyo kullum 'yan siyasa na cewa za su gyara tsarin biza, ni kuwa ina ƙirga kwanaki a ɗakin Hajiya, ina cika fom.

Saura kwana biyu wani mai gidan tsofaffi a Cheetham Hill ya ce zai ɗauke ni. Tun kafin in zauna ya faɗa mini ba ya son mai ƙorafi, kuma Asabar da Lahadi duk ni ce a bakin aiki. Na durƙusa har ƙasa, da wannan bayan nawa, na yi masa godiya. Sai da Hajiya ta kama hannuna sannan na iya miƙewa.