Haƙora Goma da Haƙora Sha Uku

Yayana ya dawo Gure daga Yamai a shekarar da aka karya darajar sefa, da takalmi mai ƙyalli da bakin da ba ya rufuwa. Bai kwana uku ba ya fara raina motar da mahaifinmu ya bar mana, tsohuwar katkat, mai ja da ƙafa huɗu, da nake riƙe da ita tun rasuwarsa. Ni bakanike ne, a ƙarƙashin motar nan na koyi aiki. Shi ko taya bai taɓa canzawa ba, amma wai jaki ya fi ta sauri.

Ba ta gudu, wannan gaskiya ne, amma ba don gudu muke ajiye da ita ba. Ƙanwar mahaifiyarmu Iya tana kwance ba lafiya a wani kwari can bayan Bune, kuma su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Kowace safiya sai Iya ta leƙo ta ce mini, "Motar lafiya take?" Na san abin da take nufi. In saƙo ya zo, za mu iya tashi?

Ana nan sai pon na baya ya fara kuka, wato tukunyar ƙarfen da ke raba ƙarfin inji ga tayoyin baya. Na buɗe, na tarar haƙoran ciki sun soma cinyewa. Ban nemi taimakon kowa ba, sai ga Yaya ya tafi Damagaram ya dawo da babban faifai mai haƙora da ƙaramin da ke juya shi, an ciro su daga wata motar manya. Ya dire mini su a gareji gaban abokansa ma'aikata, wai da waɗannan motar za ta tashi sama.

Na ɗauki alli na ƙirga. Ƙaramin namu haƙora goma gare shi, nasa sha uku. Katkat pon biyu gare ta, gaba da baya, kuma dole tafiyarsu ta zo ɗaya. A kan kwalta baya kaɗai ke aiki, ba komai. Amma a shiga rairayi a haɗa ƙafa huɗu, baya zai riƙa gudu gaba na jan ƙafa, har wani abu ya fashe a tsakani.

Na ce, "Yaya, wannan ba zai zauna da na gaba ba."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Wa ya tambaye ka? An ce ka ɗaura, ka ɗaura. Aji nawa ka yi a lakwal da za ka koya mini lissafi?" Ya ƙara wata magana da Faransanci, abokansa suka kwashe da dariya.

Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, to, za ka gani. Kwana uku na yi a kan aikin. Na wanke komai da man gazuwal, na sa sabbin rulma, zobban ƙarfen da haƙoran ke juyawa a kansu, na kwaɓa bular wanki da mai na shafa wa haƙoran don in ga inda suke cizon juna, na kwance na sake ɗaurawa har suka zauna daram. Ban taɓa yin aiki mai kyau kamarsa ba, kuma da mugun nufi na yi shi. So nake ya kwashi abokan nan nasa, su kafe a tudun farko, in zo in tsaya a kansu ina kallo.

Ya gwada ta a kan kwalta, ta yi gudu kamar ba ita ba. Ya dawo yana hura hanci.

Washegari da hantsi wani mutum ya sauko daga motar kasuwa da saƙo: jikin ƙanwar Iya ya yi tsanani, tana kiran yayarta. Kafin in wanke hannu Iya ta fito da mayafi da ƙullin kayanta. Tsofaffin haƙoran suna nan cikin kwano, aikin rabin yini ne in mayar da su, kuma da sun kai mu. Na buɗe baki ke nan Yaya ya fizge makulli daga hannuna, ya ce yau zan ga yadda masu ilimi ke tuƙi. Sai na haɗiye maganar, na hau baya. Na yi ta gaya wa kaina wataƙila rairayi ya yi mana sauƙi.

Da muka bar kwalta ya haɗa ƙafa huɗu. Motar ta fara gurnani tana karkarwa, baya na tona rami, gaba na turjewa. Shi kuwa sai ƙara taka wuta yake yana zagin hanya. Muka gangaro wani fako mai kanwa, ƙasa ta yi tauri, sai muka ji ƙara kamar an fasa tulu. Na leƙa ƙasa na ga baƙin mai yana malala a kan farar ƙasa, akwatin da ke haɗa gaba da baya ya tsage biyu.

A amalanken shanu muka ƙarasa. Mun isa bayan la'asar, muka haɗu da maza suna dawowa daga maƙabarta.

A ƙofar gidan makoki Yaya ya fara faɗa wa mutane wai ni na lalata aiki. Ban raga masa ba. Na ce ƙarya yake, na ƙirga haƙora, na gaya masa gaban shaidu, girman kansa ne ya kashe motar. Ina cikin ɗaga murya na ga Iya tsaye a bakin zaure, idonta a bushe.

Ta ce, "Ashe ka sani."

Na ce, "Iya, na gaya masa."

"Shi ka gaya wa. Ni da nake tambayar ka kullum fa?"

Ta juya ta shiga wajen mata. Daga baya na gyara motar, na mayar da haƙora goma, ta ci gaba da tafiyarta ta da. Iya ta yi shekara shida a duniya bayan nan, ina gaishe ta tana amsawa, amma ba ta sake tambaya ta ko motar lafiya take ba.