Ranar da Aka Juya Mana Kujeru

Bayan aurenmu ya mutu, ni da baban 'yata ko gaisuwar kirki ba ma yi. Shi ɗan dako ne a babbar kasuwar Onitsha, ni kuma ina sayar da tuwo a tashar motar Upper Iweka. Ya riga ya aiko min cewa bayan Sallah zai kai yarinyar Arewa wajen mahaifiyarsa. Duk motar da ta tashi daga tashar nan sai gabana ya faɗi.

Ana haka wata ƙungiya ta buɗe aji ranar Lahadi, don iyayen da suka haɗa ɗa amma babu aure tsakaninsu. Wani dattijon unguwarmu ne ya matsa mana muka je. Malamar dattijuwa ce 'yar ƙabilar Ibo, mai fara'a. Da farko ɗakin cike yake maƙil. Sai aka fara zamewa, wannan ba kuɗin okada, wancan ba mai tsare masa rumfa.

Mu dai mun daure, har ranar da malamar ta ce kowa ya kalli wanda suka haɗa ɗa da shi ido cikin ido, ya faɗi alherinsa. Taɓɗijam! Mutumin da ko muna tare bai taɓa kiran sunana a gaban mutane ba? Ya gyara hularsa ya fice, bai sake leƙowa ba. Na ce shi ke nan, 'yata ta tafi.

Malamar nan, baiwar Allah, ba ta share mu ba. Ta same ni har rumfata tana tambayar laifin da ta yi masa. Na ce, "Mama, kunya kika ba shi. Mu ba ma haka." Ta cinye tuwon da na zuba mata, ta nufi kasuwa nemansa.

Lahadin da ta biyo baya sai ga shi yana cin magani. Ashe ta juya kujerunmu baya da baya, kowa na kallon bango. Ya daɗe yana gyaran murya. Can ya ce wa bangon, "Yarinyar nan ba ta taɓa kwana da yunwa a hannunta ba. Na sani." Sannan ya ce, "A bar ta wajen uwarta."

Wallahi kuka na yi, ban damu da masu kallo ba.

Ba mu mayar da aure ba, ni ban ma nema ba. Allah dai ya saka wa matar nan da alheri. Yanzu in ya biyo ta tasha, 'yarsa ce ke miƙa masa tuwo.