Ranar da Sarkin Fawa Ya Karɓe Wuƙar Ɗansa

Na yi ritaya, na manta abubuwa da yawa, amma ban manta da jajibirin wata ƙaramar Sallah ba, lokacin ina malamin duba nama a wata mayanka a nan Gusau. Ku da kuka shigo aikin daga baya, ku saurara.

Aikina kashi biyu ne. Da sassafe in duba dabba tana da rai, in tabbatar ba ta da ciwo kuma ba ta da ciki. Bayan yanka in duba hanta da huhu, in buga hatimi, sannan nama ya fita kasuwa. Mahauta kuwa ba ni suke bi ba, shugabansu suke bi, wato Sarkin Fawa. Namu a lokacin shi ne Alhaji Labbo, dattijo mai ƙarancin magana, wanda kallonsa kaɗai ya isa ya sa ƙato ya gyara tsayuwa.

A shekarar an tura ni kwas, inda aka nuna mana wata na'ura da ake buga wa sa a goshi ya suma kafin a yanka shi, don kada ya ji zafin wuƙa. Na dawo da zumuɗi na kai wa Alhaji labari. Ya saurare ni har na gaji da kaina, sannan ya ce, "Likita, in ya mutu kahin wuƙa ta kai, wa za ya ci mushe? Wanga ƙarhe ba mu so nai. Amma abin da ƙarhen ka nema, addini ya riga shi hwaɗi."

Na ɗauka ya sallame ni ke nan. Ashe washegari zai tara mahauta. Ya ce daga ranar a ba dabba ruwa ta huta kafin yanka, kada a wasa wuƙa a gabanta, kada a yanka wata tana kallo. Ya hana murɗe wutsiya, ya kuma hana sarar agara, wato jijiyar ƙafar baya da wasu ke sarewa don sa mai gardama ya faɗi. Wanda ya karya, zai ajiye wuƙarsa mako guda. Aka amsa da "to", irin "to" ɗin da ake yi wa dokar da ake jiran ta mutu.

Jajibirin Sallar nan mayanka ta cika maƙil, domin ranar ce masu watanda, waɗanda ke haɗa kuɗi su sayi sa su raba, suke kawo shanunsu. Babu mahaucin da ke son rasa aikin wannan mako. Wasu mutanen Tudun Wada suka kawo wani jan bijimi daga Tsafe. Yana jin ƙarnin jini ya toge a bakin ƙofa, aka ja, aka tura, ya ƙi. Layi ya tsaya, mutane suna ta ƙorafi. Sai Isiya, babban ɗan Alhaji Labbo, wanda kowa ke ganin shi zai gaji sarautar, ya zagaya ta baya ya sare masa agara. Bijimin ya zube yana wani irin kuka da har yau ba na son tunawa.

Alhaji bai ko kalli ɗansa ba. Ya tambaye ni ko na riga na duba san, na ce na duba. Ya sa aka kare shi daga sauran shanu da tabarma, ya durƙusa yana shafa wuyansa, wuƙa a ɓoye a bayansa, har numfashinsa ya lafa. Ya yi bisimilla, ya gama a ja ɗaya. Sai da ya wanke hannu sannan ya miƙa wa Isiya tafinsa.

Dattawan mahauta suka taso da roƙo, suna cewa a dubi ranar, a ɗage hukuncin sai bayan Sallah. Ni kaina na tausaya wa Isiya, don ba mugu ba ne, gaggawa ce ta ja shi. Ya ce, "Baba, layi na tsaye..."

Alhaji ya ce, "Bijimin ga bai san ko kai ɗan wa na ba. In na bar ka yau, gobe da wane baki zan amshi wuƙar ɗan wani?"

Isiya ya zare wuƙar ya ɗora a hannun ubansa. Ya koma gindin darbejiya ya zauna, magidanci mai 'ya'ya, a gaban yaran da ya koya wa fiɗa. Tsohon kuma ya tuɓe riga ya ɗauki aikin ɗansa, don kada masu watanda su koma hannu wofi. Har la'asar yana sunkuye yana fiɗa. Sau da yawa na ga ya ɗaga kai ya dubi gindin bishiyar, ya sake sunkuyawa. Ranar na ƙaunaci mutumin nan, kuma ban daina ba.

Daga wannan rana har na bar aiki, ban sake ganin an sare agarar sa a mayankar ba. Abin da na koya shi ne, mahauta ba marasa tausayi ba ne kamar yadda mutanen gari ke zato. Suna dai jira ne su ga ko mai doka zai iya jure zafinta a gidansa. Alhaji Labbo ya jure, kuma na ga abin da ta ci masa.