Sista Ibtisam, Wadda Ta Koya wa Zuciyata Tafiya a Hankali

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Rajab, ina shanyar kayan yarona Mujtaba anka ce mini Sista Ibtisam ta shafakhanarmu, ƙaramin asibitin garinmu, ta rasu a Sinja, bayan ɗan zazzaɓi. Ni ban yi karatu ba, da baki zan faɗi nawa.

Sista, kin tuna sadda anka kawo ni bayan haihuwa, zuciyata na gudu, ƙirjina kamar an ɗora mishi dutse? Diktor, wato likita, ya ba ni ƙwaya. Na fara sha, bugun ya ragu, sai tsoro ya kama ni. Inna Dije, uwar mijina, ta taɓa hannuna ta ce, "Yarinya, wannan magani kashe zuciya yakai. Bar shi, ki sha kunun kanwa ki yi ƙarfi."

Na zo miki da kuka. Kinka ce, "Ya bitti, yarinyata, ke ba ɗiyar masu hawasha, gonar auduga ta ban-ruwa, ba ce? In an saki ruwa ya wuce gona da gudu, auduga ta sha?" Na ce a'a, sai ya kwanta. Kinka ce ita ma zuciya nama ce, tana son jini. Tsakanin bugu da bugu, sadda ta saki, nan jini ke shiga jijiyoyinta ta sha. In tana gudu, hutun ya gajarce, ga aiki ya ƙaru, shi ne ciwon ƙirjin. Ƙwayar hutun take tsawaita mata. Kinka ce kada in yanke ƙwayar farat ɗaya, in riƙa komawa wurin diktor ya duba ni, in kuma jiri ya ɗebe ni in zo maza.

Har gida kinka biyo ni, kina shan jabana, gahawar nan tamu, da Inna kina tsokanarta: "Hajja, kanwar nan a ba tumaki." Ta yi dariya. Yanzu ita ke tuna mini ƙwayar.

Ina jin tsoro, Sista. Mujtaba ko tafiya bai fara ba, kuma ban san wa zai riƙe hannuna ba. Yau da safe na ɗora yatsuna a wuyan hannuna, inda kike ɗorawa. Zuciyar tana tafiya a hankali. Na sha ƙwayata, kuma zan hau mota in koma wurin diktor, yadda kinka ce.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki, ya haskaka kabarinki. Ya ba mijinki Ustaz Salih da ɗiyarki Kausar haƙuri. Hutun da kinka nema wa zuciyata, Allah ya ba ki wanda ya fi shi. Amin.